Digiri Takwas

Da igiya aka jawo ta ranar Laraba,
jar mota mai ƙofa biyu, cikinta na shafar ƙasa,
kashin kaji a kan bonet, gidan zanzaro a bakin salansa.
Dakta Gabdo na biye a kan babur, sandarsa a cinya.
A hannun wani Baturen kamfanin auduga ya saye ta,
shekarar da aka haife ni, in ji shi.
Yanzu idanun sun tafi.
"Ba tuƙi nake so ba, Mati. So nake in ji ta."

Kwana tara ina cikinta.
Na wanke tanki, na sa sabbin fulogi,
ta tashi da tari kamar tsohon mashayin taba.
Saura abu ɗaya, ɗan mitsitsi:
lokacin da wuta za ta faɗa wa mai.

Mu a Garwa delko muke ce masa,
na tsallaken iyaka su ce distiributa.
Na bar inji ya gasu har fanka ta juya,
na zare siririn tiyon iska, na toshe shi da ƙusa,
na goga alli a tsagar fule,
na maƙala fitila a wayar fulogi na ɗaya.
Fitila na ƙiftawa, ƙarfe na gudu,
amma farin layin nan ya tsaya cak a idona
kamar balbela a gadon bayan saniya.

Littafi ya ce sha biyu, kafin fistin ya kai ƙololuwa.
Wanda ya rubuta littafin bai san ranar Afrilu a bakin Binuwai ba,
bai taɓa sayen zuwa-zuwa a kwalba ba,
mai launin shayin jiya, a gindin darbejiya.
Duk da haka na bi shi.

Muka hau hanyar Pitowa.
Giya ta uku, na taka, turbo ta soma fito,
sai ga shi: kas-kas-kas,
tsakuwa a cikin gwangwani.
Dakta ya dafa gwiwata.
"Ta yi gaggawa. Wuta da fistin na karo a bakin ƙofa.
Ɗaga ƙafarka, kada ka huda mini shi."

Na tsaya gefen wata gonar albasa.
Sifana mai lamba sha uku, na sassauta noti,
na murɗa delko baya, kaurin farce.
Na zarce.
Ta yi nauyi, salansa na huci,
tana tafiya kamar jakin da aka tasa daga barci.
Na dawo kaɗan. Na sake dawowa kaɗan.

Ubangidana Ndotti bai taɓa mallakar fitila ba,
da kunne yake yi, da tafin hannu a kan inji.
Ranar da ya cika ina Marwa neman gasket,
na iso an dawo daga kushewa,
ruwan wankansa bai bushe a tsakar gida ba.
Ban san me ya kawo mini wannan ba,
hannuna a kan ƙarfe mai zafi, gumi na shiga idona.

Takwas.
Na ɗaure noti, na mayar da tiyo.

Duwatsun Tingilin a hagu, rana ta karkata.
Na taka. Ta ja numfashi, ta yi jim,
sannan kujera ta bugi bayanmu,
fiton ya hau siriri, tsaf, babu tsakuwa ko ɗaya.
Dakta ya cire hula ya riƙe a cinya,
iska na wasa da furfurarsa, bai ce komai ba
har muka wuce masu tallar kifi, muka wuce gada.

"Me allura ta ce?"
"Ɗari da arba'in, ranka ya daɗe."
Ya karkata kunne, ya saurara.
"Ƙarya kake, Mati. Casa'in ne.
Taka."